Ganyen da ya ci wa Maman Haika gona

Kowace Lahadi, in an yi addu'ar rufe sujada, jama'ar cocinmu ba sa watsewa. Sai su fito farfajiya su yi da'ira, su jira Aikande, matar marigayi Eliufoo Ulomi, wadda ba mai kiranta da wannan suna sai katin asibiti. Maman Haika muke ce mata. Ita ce ke fitowa daga ƙarshe, ta ɗaure zane a ƙugu, ta hau dutsen da ke gindin bishiyar fiya, ta dubi abin da marasa kuɗi suka kawo baiko: kan ayaba, ƙwai a naɗe cikin ganye, madara a gora, rake, wake, kaza ɗaure da ƙafa. Sai ta ɗaga na farko, gwanjo ya tashi.

"Ga madarar saniyar da ba a taɓa zagi ba. Nawa? Dubu ɗaya? Baba, dubu ɗaya ka ce, a gaban surukanka? Yi shiru, ƙila su ma ba su ji ba. Sake tayawa."

Haka ta yi tun gashinta yana baƙi har ya koma fari fat. Watan jiya gwiwa ta sauke ta daga kan dutsen. Ikkilisiya ta ba ta zane turmi ɗaya da flas ɗin shayi, fasto ya yi jawabi wanda rabinsa a kan rufin ofis ne. Ni tsohon malamin makaranta ne, na karanta tarihin mishan fiye da yadda ya kamata mutum mai hankali ya karanta, kuma duk iri ɗaya ne: ana rubuta sunan wanda ya tafi, ba a rubuta sunan wanda ya ciyar da shi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

A nan wajenmu, mu mutanen dutse da ke zaune a jikin babban tsauni, abin da ka saya a gwanjon coci ba ka kai shi gidanka. Sai ka ɗaga murya ka faɗi wanda ka saya wa. Shi kuma ya karɓa, ko ya mayar a sake sayarwa. Da wannan ake neman aure, da shi ake ba da haƙuri, da shi ake cin mutuncin maƙwabci cikin ladabi. Kaza ɗaya takan zaga gida uku kafin ta san tukunyar da za ta shiga. Maman Haika ba ta ƙirƙiro al'adar ba, amma ba a yi wanda ya iya tuƙa ta kamarta ba. Ba ta taɓa barin kayan talaka ya sauka ba a taya ba, ba ta kuma taɓa faɗin wanda ya kawo ƙwai biyu ba. Lahadin da ta biyo bayan binne matata, Ndekirwa, kowa na zagaye ni kamar rami, ita kuwa ta ɗaga kwanon wake ta ce, "Wa zai saya wa Malam? Mutumin nan ya san sunan kowane kogi a duniya, amma bai san yadda ake tafasa ruwa ba." Aka yi dariya, na ji haushi, na kuma ci wake a gidana har damina ta wuce.

Gwanjon kowace Lahadi na gyaran benci ne da kuɗin wuta. Babban shi ne na Lahadin da Kirsimeti ke bi mata. Abin da aka samu a ranar shi ne cin shekara guda na Wariaeli Munisi, mai bisharar da ikkilisiyarmu ta aika can ƙasa, fili, cikin makiyaya, da shi da matarsa da 'ya'yansa. Mu muka aike shi, mu ke ciyar da shi. Ba wani ofishi a birni da ya san da zamansa.

Mutane na ganin Maman Haika a kan dutse ranar, sai su ɗauka bakinta ne ke kawo kuɗi. Bakin nan kuwa ƙarshen aiki ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun Janairu take bin gidaje da 'yan tsaki a kwando, tana ajiye wa kowace mata biyu ko uku, ta ce, "Waɗannan na Wariaeli ne, in shaho ya ɗauka ke da shaho za ku yi bayani." Wajen Agusta kuma ta shiga gonakin ayaba, ta dudduba wadda za ta nuna daidai Disamba, ta ɗaura mata jan ƙyalle. Daga ranar ta fita daga hannun mai gona. Ba ayaba kaɗai take kiwo ba, har da mutane. Ta san 'ya'yanmu na birni duk suna dawowa gida a Disamba, ta san wanda ya sayi mota, ta san wanda yake neman 'yar wa, ta san kusa da wa za ta sa a tsayar da shi.

Sannan tana da bijimai biyu. Ɗaya Rumishaeli Ulomi, yayan mijinta, mai gahawa da motocin ɗaukar kaya, babban mutanen sama, wato masu zama a saman ƙauye. Ɗaya Sifaeli Nkya, tsohon mahauci da ya yi kuɗinsa a Moshi, babban mutanen gangare. Tun suna samari ba wanda ya yarda ɗan'uwansa ya fi shi. In ɗaya ya taya akuya, ɗaya ba zai iya yin shiru ba. Shekara da shekaru Wariaeli yana cin tuwo daga girman kan mutum biyun nan, su kuma suna ɗauka tsoron Allah ne ke damunsu. Gaba ce ta wasa, kuma gwanjo da ita yake rayuwa.

Sai shekarar da gabar ta daina zama wasa. Babbar damina ta zo da rowa, ƙaramar ta ƙi zuwa. Magudanar ruwan da kakanninmu suka haƙa daga daji, wadda ke ratsa gonakin sama kafin ta sauka gangare, ta koma kamar zare. Wata safiya mutanen gangare suka tashi ba ɗigo. Suka hau, suka tarar an toshe bakin magudanar da duwatsu da ganyen ayaba, ruwa ya karkata gonar Rumishaeli. Aka yi faɗa, aka sari wani saurayi a hannu. Mutanen gangare suka rantse ba za su ƙara taya abin da ya sha ruwan sata ba. Mutanen sama suka rantse ba za su tsaya farfajiya ɗaya da masu kiransu ɓarayi ba. Ana idar da sujada kowa ya kama hanyarsa. Maman Haika takan hau dutsenta ta ɗaga kaza a gaban tsofaffi uku da ni.

A Nuwamba dattawan ikkilisiya suka zauna, suka yanke abin da dattawa suka iya yankewa: in gwanjon Disamba bai yi ba, a kira Wariaeli ya dawo gida. Shi kuwa a lokacin ne makiyaya suka fara barinsa ya zauna a da'irar dattawansu, bayan shekarun da ya yi yana gaishe su daga bayan shinge. In ya tattara ya tafi, ba mai sake ba wani mutumin dutse tabarma a can. Fasto ya yi wa'azin sulhu Lahadi uku a jere. Kowane ɓangare ya ji daɗin wa'azin ƙwarai, don ya ga da wa ake.

Yanzu sai in faɗi abin da duk ƙauyen ya sani amma ba a faɗa. Da Eliufoo ya rasu, ya bar Maman Haika da 'ya'ya mata kaɗai. Rumishaeli ya ce gonar gado ba ta bin mace, ya matsa iyaka, ya haɗiye rabin gonar ƙanensa, wajen da ya fi ruwa. Tun ranar ba ta ƙara taka gidansa ba. A kan dutse takan kira shi Yaya ta tsokane shi don aikin Allah, in ta sauka ba ta san shi ba. Ba ta kuma haƙura ba. Shekaru tana tattara shaidu, tsofaffin da suka san inda iyakar take, kuma a wannan shekarar ne dattawan dangi suka yarda za su saurare ta bayan Kirsimeti. Babbar 'yarta Haika, wadda ke haya a Arusha da mijinta da yara, ta riga ta zaɓi inda za ta kafa ɗaki. Kowa ya ce gaskiya na wajensu, har masu cin abinci a gidan Rumishaeli.

Ana saura mako guda babban gwanjo, da hantsi, aka ga Maman Haika ta tsaya a kan iyaka ta tsinki ganyen isale, ta ƙulle shi. Ganyen da muke shukawa a kan iyaka da kan kabari ke nan. Mai laifi ne ke tsinkarsa ya kai wa wanda ya ɓata wa, kuma wanda aka kai wa ba ya iya ƙi. Amma a wurinmu da an karɓa, magana ta mutu tsakanin gidajen biyu, sabuwa da tsohuwa. Ba a sake tayar da ita a gaban kowa.

Matar Rumishaeli ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya, kuma mace ce da ba ta ƙara wa magana gishiri sai kaɗan. Yana zaune yana duba gahawar da aka shanya, ya ɗaga kai ya gan ta.

Ya ce, "Matar ƙanena, ɓatan hanya kika yi?"

Ta ce, "Na san hanya, Yaya. Ta cikin gonata ake biyowa."

Ta fito da ganyen daga bakin zane ta miƙa da hannu biyu. Ya miƙe tsaye, ya ja da baya kamar an nuna masa maciji.

"Me kika yi mini da za ki kawo mini wannan?"

"Ban yi maka komai ba. Kai ka yi mini. Na jira ka kawo har haƙorana suka fara zuba, ga shi Disamba ba ta jiran kowa."

"Kin san abin da ake nufi in na karɓa?"

"Ba jiya aka kawo ni gidan nan ba."

"Haika ta sani?"

"Za ta sani."

Can ya ce, "In ruwa kike so a buɗe, ba ni kaɗai ba ne. Akwai mutane a bayana."

Ta ce, "Ruwa kai da Sifaeli ku ƙarata, ku da Allah. Ni abu ɗaya nake so. Ranar Lahadi ka zo da mutanenka, ka tsaya inda ka saba tsayawa. Abin da na fara ɗagawa, ka taya."

"Kowane ne?"

"Kowane ne. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Ba shi da yadda zai yi, kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, ciniki ne da bai taɓa samun irinsa ba: gona sukutum a bakin tsayuwar awa biyu.

Sifaeli ba ta kai masa ganye ba, shi ta san inda ake kama shi. Ta je gonarsa ta nuna ayabar da ta ɗaura wa ƙyalle tun Agusta, ta ce ta zo ɗaukar kayan Allah. Ya ce ta dubi abin da ya rage, ko akuya ba za ta ci ba. Ta ce ba don kyan gani ta ɗaura mata ƙyalle ba, alkawari alkawari ne. Ya sare ta da kansa, ya ce, "Ɗauki ki kai, su ga aikinsu." Ta ce, "In kana son ganin fuskarsu sai ka zo, ni ba na kawo wa mutum labari gida."

Ranar Lahadi farfajiya ta cika, amma da fili a tsakiya wanda mota za ta iya wucewa. Mutanen sama a dama, mutanen gangare a hagu, 'yan birni a bayan iyayensu suna wasa da makullin mota. Ga akuyoyi, ga kajin da aka yi shekara ana kiwo, ga kawunan ayabar sama manya-manya. Maman Haika ta hau dutse, ta tsallake duk waɗannan, ta sa aka ɗaga mata wani abu mai kama da hannun tsoho mara lafiya.

"Wannan daga gonar Baba Sifaeli take. Da ranta na ɗaura mata ƙyalle. Ku dube ta da kyau. Tun Satumba ba ta sa ruwa a baki ba, azumi take, ta fi mu duka ibada. Nawa?"

Ba wanda ya yi dariya. Rumishaeli ya dubi ayabar, ya dubi matar ƙanensa, ya gane ramin da ya faɗa. Ya ce a hankali, "Dubu biyar."

Sifaeli ya matso gaba. "Ba za ka taɓa ayabata ba, ɓarawon ruwa."

Aka fara gunaguni ta ko'ina. Fasto ya ɗaga hannu zai yi magana, Maman Haika ta riga shi.

"Fasto, bari. A nan ba a zagi kyauta. Baba Sifaeli, zagin nan naka, nawa ka saye shi?"

Ya ce, "Dubu goma."

"Dubu goma, ɓarawon ruwa. Yaya, ka ji farashinka. Ka yarda iyakar darajarka ke nan?"

Daga nan abin ya ɓalle. Wannan ya taya, wancan ya ƙara, ita tana tsakiya tana hura wuta tana kuma riƙe da ita kada ta kama rufi. In ɗaya ya yi jinkiri ta ce ko a kawo masa kujera, tsufa ba laifi ba ne. 'Yan birni suka fara zura wa iyayensu kuɗi ta baya. Adduna sun kwana a gida, faɗan duk ya koma aljihu. Ba zan faɗi inda aka tsaya ba, don kada a ce mutanen dutse ba su da hankali. Ya isa a ce aljihun mahauci ya riga na mai motoci ƙarewa.

Ta ce, "Ta zama taka, Yaya. Wa ka saya wa?"

In ya ce Sifaeli, ya mayar masa da busasshiyar ayabarsa a gaban jama'a, to sai an ɗauki wani a kan ƙyaure zuwa asibiti. Na ga samarin gangare suna gyara tsayuwa. Rumishaeli ya ɗaga kai ya dubi jama'a.

Ya ce, "Ban saya wa kowa ba. Gida za ni da ita. Ni zan ci."

Tun da aka kafa cocin ba a taɓa jin haka ba. Ya ratsa filin nan na tsakiya, ga 'ya'yansa maza tsaye, ya ɗauki abin da kansa ya saɓa a kafaɗar kwat ɗinsa ta Kirsimeti, ya koma wurinsa.

Sifaeli ya bi shi da kallo, ya ce, "Ku bar shi ya ci. Yana da ruwan da zai kora."

Wata mata ce ta fara fashewa da dariya, kuma daga ɓangaren sama take. Maman Haika ba ta jira dariyar ta lafa ba, ta jawo akuya ta farko. Ba mu bar farfajiyar ba sai da rana ta karkata, ba a bar ko ƙwai ɗaya ba.

Wariaeli bai dawo ba. Yana can har yau, ya yi furfura, kuma wanda ke taya shi jan sujada ɗan makiyayan ne. Wannan shi ne abin da nake alfahari da shi, ni da ban cika alfahari da mutanen ƙauyenmu ba.

Saura kuwa sai in faɗa yadda yake. Ruwa bai buɗe washegari ba, sai da dattawan magudana suka zauna a Janairu, ruwan sama kuma ya taimaka musu. Rumishaeli bai mayar da ko taki ɗaya na gonar ba, ya ma dasa mata sabuwar gahawa. A bangon ɗakin sujadar da aka gina can fili akwai allo mai ɗauke da sunansa, a matsayin wanda ya fi kowa bayarwa a shekarar fari. Haika ta zo Kirsimeti ta ji labari a bakin mutane, ta koma Arusha ba ta kwana ba. Ta yi shekara biyu ba ta gaida uwarta ba. Yanzu suna magana, amma har yau haya take biya.

Bayan an ba ta flas ɗin nan na je gaishe ta. Na same ta a ƙofar ɗaki ta miƙe ƙafa, gahawar Rumishaeli ta yi fure fari tas a gabanta, nisan jifa. Na tambaye ta ko tana nadama, ina jiran irin amsar da ake ba fasto.

Ta ce, "Kullum. In na buɗe ƙofa ita nake fara gani. Sai in yi tsaki, in hura wuta. Malam, shayi za ka sha ko tambaya ka zo yi?"

Maman Haika, ke ce mai baki da kaifi, mai hannu da sanyi. Ke ce kika san cewa girman kai ma dabba ce, in an iya ɗaure ta sai ta ja garma. Mu duk mun ba da baiko daga abin da ya ragu, muka tabbatar an ji. Ke kika ba da abin da kike da gaskiya a kansa, kika ba wanda bai cancanta ba, da idonki biyu, kuma ba ki taɓa yi mana ƙaryar cewa bai yi zafi ba. Na gode miki a madadin Wariaeli, wanda sai ya karanta wannan zai san abin da tuwonsa na waccan shekara ya ci. Na gode miki a madadin mutanen fili da ba su san sunanki ba, da mutanen dutse da suka sani suka yi shiru. Allah ya sassauta miki gwiwar, ya sanyaya zuciyar Haika.

Ga Disamba ta kusa, kwamiti ya fara zama, ana maganar sa baiko a ambulan da aika kuɗi ta waya. Ban ƙi ba, a yi. Amma duk mai cewa yana son ya gaji matar nan, kada ya fara da lalube aljihu, wannan kowa ya iya. Ya nemi maganar da yake da gaskiya a kanta, wadda ya daɗe yana jiran ranar da za a ba shi haƙuri, ya tambayi kansa ko akwai aikin da ya kai ya ajiye ta dominsa. In babu, to ya kawo kazarsa ya tsaya a baya tare da mu.